Mwalimu Tarus da Gudun Safiyar Mata

"A ba ni matan nan mako biyu kacal," in ji Mwalimu Tarus, wato Malam Tarus, yana dukan tebur da yatsa. "In ban mayar da su barewa ba, ku cire Mwalimu daga sunana. Shekara talatin da takwas ina riƙe da alli. Yara ɗari bakwai nake tsayarwa a layi da tari ɗaya. Mata tara ne za su gagare ni?"

A gabana ya faɗi haka, a shagon shayin da mu tsofaffin malamai muke haɗuwa kowace Asabar a Eldoret, mu gyara wa gwamnati kurakuranta, mu gyara wa mai shayi rubutun allonsa. Ba wanda ya ce masa kul. Tafa masa ma muka yi. To, mai karatu, yanzu labarin ya cika gari, kowa na ƙara masa gishiri, har ba dama tsohon malami ya ratsa kasuwa sai an bi shi da murmushi. Shi ya sa na ɗauki biro in rubuta shi daidai yadda ya faru. Ina neman a gyara ƙaryar da aka cusa a ciki, kuma a ba mu haƙuri.

Tarus yana da ɗa da ke aiki can Mombasa, ba ya zuwa gida sai ƙarshen wata. Matar ɗan, Jelagat, tana nan bayan gari da yara uku, babbansu Kigen, kuma a gida take koyar da su. Ba ita kaɗai ba, gidaje tara ne a unguwar suka zaɓi haka. Ita ce uwa, ita ce malama, ita ce hedimasta, ita ce mai tuƙa ugali, tuwon masararmu, ita ce mai raba faɗa a kan fensir. Mu malaman makaranta, duk kukan wahalar da muka cika duniya da shi, ƙarfe huɗu na yi muke mayar wa mutane 'ya'yansu. Ita wa za ta mayar wa?

Bara aka same ta a ɗakin ajiyar masara, zaune a kan buhu, jan biro a hannu, tana ta hawaye, ita kanta ba ta san dalili ba. Likita ta duba ta, ta ce jikin lafiya lau, zuciyar ce ta gaji. Maganin da ta rubuta mata shi ne kullum da safe ta fita awa guda, ta yi zufa, a cikin mutanen da ba sa kiran ta Mama. Da ta gaya wa maƙwabtanta, ashe kowacce da nata ɗakin masarar. Daga nan suka soma fita su tara, daga ƙarfe shida zuwa bakwai, kafin yara su tashi. Su ɗan yi sassarfa a jan hanyar da ta ratsa gonaki, su ɗan yi tafiya, su zuba hira, su yi dariya. Wata uku, Jelagat ta dawo mutum.

Sai ga Tarus ya sauka gidan Jelagat hutun mako guda, ya zarce wata na biyu. Wata safiya ya leƙa ta taga ya gan su.

"Wannan me ke nan?" ya ce. "Gudu ba gudu ba, tafiya ba tafiya ba, ga surutu kamar ranar kasuwa. A ƙasar da ta haifi gwanayen gudu na duniya?"

Ran Litinin matan suka taru a ƙofar gidan Jelagat, suka tarar da shi cikin tsofaffin kayan wasanni masu warin kafur, usur a wuya, rajista a hammata, agogo a hannu.

"Ku yi layi biyu. Gajeru a gaba."

Suka dubi juna. Akwai wata a cikinsu, Nafula, uwar 'ya'ya biyar, doguwa kakkaura, wadda ba ta ajiye magana a ciki. Tarus ya taɓa koyar da ita lissafi a aji shida.

"Mwalimu, mu fa ba gasa za mu je ba. Iska muke sha."

"Nafula Wekesa, har yau bakin nan bai mutu ba? Koma bayan layi."

Kuma ta koma. Uwar 'ya'ya biyar. Kada ka yi mamaki, mai karatu. A nan ba a ce wa tsohon malami a'a, balle uban mijin ƙawarka a ƙofar gidanta. Wannan girman da ake ba mu shi ne ya lalata mu.

Ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ya kafa dokoki. Wadda ta makara ta zagaya coci sau biyu. Ba tsayawa. Babbar doka kuma, ba magana.

"Magana ɓarnar numfashi ce," in ji shi. "Duk wadda na ga bakinta na motsi, na rage mata maki."

"Baba, ai hirar ce..." Jelagat ta fara, cikin ladabi.

"Maman Kigen, kin rasa maki biyu."

Haka aka yi kwana biyar. Mata tara na tafe shiru kamar masu rakiyar gawa, tsoho na biye da su yana hura usur yana kiran hagu dama. Ran Juma'a ya liƙa sakamako a jikin ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani, kowacce da matsayinta da sharhinta. A ƙasan takardar ya rubuta: Jelagat, ta tara cikin tara, za ta iya fin haka in ta mai da hankali.

Kafin wannan rana ma taran sun koma biyar. Wata ta ce gwiwa, wata ta ce baƙi, wata ta ce saniyarta ce ba ta jin daɗi, alhali ko kaza ba ta da ita. Jelagat kuwa ba ta da wurin gudu, mai horon a falonta yake kwana. Ugali ya soma ƙonewa. Ta daka wa autanta tsawa a kan ya rubuta bakwai a juye, ya yi kuka, ita ma ta juya baya. Da Nafula ta leƙo ran Lahadi bayan coci, a ƙofar ɗakin masara ta same ta tsaye.

"Ƙawata, idon nan naki ya koma irin na bara."

"To in ce masa me? Uban mijina ne."

"Wa ya ce sai an ce masa wani abu? Shekararsa nawa?"

"Saba'in da ɗaya."

"Shi ke nan. Bar wa ƙafa ta yi magana."

Ran Litinin duk su taran suka hallara, har da mai saniya. Tarus ya dube su ya gyara tsayuwa, ya ce ai ya san horo ɗaci ne da shi da fari. Yana hura usur, matan nan suka zuba a guje kamar an saki zaki a bayansu. Suka haye tudun tankin ruwa, suka ɓace. Can bayan tudun, inda ƙarar usur ba ta kaiwa, suka shiga inuwar itatuwan turare, suka koma 'yar tafiyarsu, suka amayar da hirar mako guda da ta taru musu a ciki. Bakwai saura kwata suka dawo suna haki na gangan. Suka same shi a gindin tudu, wai yana ɗaure igiyar takalmi. Minti arba'in yana ɗaure ta.

Da rana ya bugo mini waya.

"Ka ga aikin gwani? Kwana takwas kacal, ni kaina ba na iya kamo su."

Na taya shi murna. Ban ɓoye ba, na ce masa ya kamata a rubuta wannan a jarida.

Amma malami ba ya rabuwa da zargi. Ran Talata ya lura Nafula ta dawo da guntun dariya a fuska, kuma a iliminsa mai gudun gaske ba ya dawowa da fara'a. Ran Laraba sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, rajista a cinya, yana hura usur a kunnen bawan Allah. Matan suka waiga suka gan shi. Nafula ta yi kwana, ta bi da su ta burtalin shanu, ga shi an kwana ana ruwa.

Ɗan acaɓa ya taka birki. "Baba, nan ba ta biyuwa."

"Shekara goma sha biyu ina koyar da labarin ƙasa. Jar ƙasa ba ta riƙe ruwa. Shiga."

Ya shiga. Jar ƙasa ta riƙe ruwa, ta riƙe babur, ta riƙe takalmin Mwalimu na hagu, wanda har yau ba ta mayar ba. Masu cewa a kife ya faɗa ƙarya suke yi. A zaune ya faɗa, kuma rajistar ba ta jiƙe ba, don ya ɗaga ta sama.

Wani da ya haƙura. Tarus kuwa ya ce ai yanzu aka fara. Ran Juma'a ya ce kansa na ciwo, su tafi su kaɗai. Ashe tun biyar da rabi ya lallaɓa da sandarsa ya haye tudun, a hankali, da hutu huɗu, ya laɓe bayan wani ƙaton itacen turare. Can sai ga su tafe, ba mai gudu ko ɗaya. Wata na ba da labarin yadda ta koya wa ɗanta rabawa da wake ya cinye darasin. Wata na cewa jiya ta kulle kanta a banɗaki minti goma don kawai ta ji shiru. Jelagat na tsakiyarsu tana dariya har da riƙe ciki. Wata biyu yana gidanta bai taɓa jin dariyarta ba. Da mutum ne mai hankali, da ya tsaya ya yi tunani a nan. Amma malami ne. Ya buɗe rajista ya rubuta mata laifi.

Sannan ya yi tsalle ya fito, ya hura usur.

"Na kama ku. Maƙaryata, malalata. Kowacce ta taɓa yatsun ƙafarta sau hamsin."

"Mwalimu, ba mu iya ba," in ji Nafula. "A nuna mana."

"Ku buɗe ido. Ba a lanƙwasa gwiwa. Ɗaya..."

Ya sunkuya. Wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Biyu ba ta zo ba.

Suka jira. Mwalimu Tarus na nan a lanƙwashe kamar alamar tambaya, usur na lilo a ƙarƙashin haɓarsa.

"Baba, mu ma mu tsaya a haka ne?" in ji Jelagat.

"Maman Kigen," ya ce da wata 'yar murya, "matso kusa. Kada ki yi gaggawa, kada kuma ki gaya wa kowa. Ba na iya miƙewa."

Mota ba ta zuwa wurin. Ɗan acaɓan unguwa kuwa ya riga ya rantse ba zai ƙara ɗaukar Mwalimu ba. Sai Nafula ta shiga wata gona ta aro baro. A nan ne nake so a kula, don a nan aka fi yi mana ƙazafi. Ana cewa baron taki ne. Gaskiya ne, amma an ɗauraye shi. Ana cewa kilomita biyar aka tura shi. Na je da kaina na auna, biyu ne da mita ɗari huɗu. Ana cewa ya yi kuka. Bai yi ba, raɓa ce ta ɗigo daga itace.

Suka ɗora shi a gicciye, gwiwa a ƙirji, ƙafafu a sama. Kilo tamanin da huɗu ne Tarus, hanya kuwa hawa da gangara. Suka riƙa karɓa-karɓa, biyu na turawa, biyu na tarewa ta gaba kada ya zube. Zufa ta wanke su. Shi kuwa ko a haka bai bar aiki ba.

"Hagu. Na ce hagu. Akwai rami. Wace ce wannan mai tuƙin? Nafula, an rage miki maki biyar."

"Rage goma, Mwalimu, ga wani ramin nan."

Wata ta ɗauko waƙar coci, sauran suka amsa. A daidai mahaɗar hanya suka yi kiciɓis da ayarin 'yan gudun gaske, su wajen talatin. Na gabansu tsohon ɗalibinsa ne. Ya rage gudu, ya cire hula, ya ce, "Barka da hutawa, Mwalimu." Sauran ashirin da taran, da yake yara ne masu tarbiyya, kowa ya gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Jelagat ta saki hannun baro, ta zauna a bakin hanya, tana dariya hawaye na zuba. Wannan karon ta san dalilinsu.

Kwana uku ya yi a kwance rubda ciki. Na je gaishe shi a rana ta uku, don haka abin da ya biyo baya da kunnena na ji. Jelagat ta shigo da shayi, fuskarta fes, yara na can falo suna karatu ba hayaniya. Ta durƙusa ta ajiye.

"Maman Kigen," in ji shi, fuska a matashi, "ki gaya wa matan nan na ajiye aiki. Ba sa horuwa."

"Haba Baba. Su kuwa aiko ni suka yi in roƙe ka kada ka bar mu. Tunda muka fara fita ba mu taɓa yin zufa irin ta ran Juma'a ba. Ni kaina barcin da na yi ranar, rabona da irinsa tun kafin in haifi Kigen. Sun ce duk albarkacinka ne."

Tarus ya ɗago kai a hankali. Ya dube ni, ya tabbatar na ji.

"Ka shaida ko? Gwani gwani ne ko a kwance." Ya gyara murya. "To, zan duba. Wace rana suke so in dawo?"

"Talata da Juma'a, Baba. Ba sai ka zo da komai ba, mun riga mun sayi namu baron. Nafula ta ce ka dai riƙa cin abinci sosai, kada nauyin ya ragu."