Yadda Ciyaman Ya Tsare Mutuncin Coci

Duk cocin da Allah ya nufa da alheri, sai ya ba ta shugaban kwamitin gyara irin wannan bawan Allah. Mutum ne mai kwarjini, mai kwat ko ana zafin fasa kai, wanda ko tari zai yi sai ya miƙe tsaye. Mawaƙa suna kiransa Kar-A-Raina-Mu, don da wannan magana yake buɗe taro, da ita yake rufewa.

Rufin cocin kuwa ya gaji. In ana ruwa, mata kan takure a gefe guda suna tura bokiti da ƙafa. Ajin yara kuma an garƙame shi tun da bangonsa ya tsage, yaran suna watangaririya a tsakar gida. Ana haka sai ga albishir: wata gidauniya za ta tallafa wa coci-coci mabuƙata, za ta turo jami'a ta gani da idonta.

Kalmar nan ce ta tsaya wa Ciyaman a wuya.

"Mabuƙata? Mu? Ina raye baƙuwa ta shigo ta ga bokiti a gidan Ubangiji? Kar a raina mu!"

Nan da nan ya tashi haiƙan. Aka shafe tsagar bango da fenti. Aka ɗaura farin yadi a ƙarƙashin silin, aka aro kujeru da tukwanen furanni, bokitai kuma aka kai su bayan gida. Fasto ya ɗan matso ya ce, "Baba Ciyaman, ai ɓarnar za su zo gani."

"Fasto, kai dai riƙe wa'azinka. Harkar manya ka bar wa manya."

Ranar da jami'ar ta zo, ya tare ta tun daga ƙofa da jawabi. Ya ba ta tarihin kansa tun daga firamare, har takalminta ya fara matsa mata. Da ta samu ya tsaya haɗiyar yawu, sai ta ce, "Baba, ina wurin da ke yoyo?"

"'Yata, wa ya gaya miki? 'Yan baƙin ciki ne. 'Yar raɓa ce kawai."

Ta nuna ajin yara. Ya ce ofishinsa ne, ya manta makulli a gida. Baiwar Allah ta ɗaga kai ta duba, ta ce gaskiya tun da ta fara zagaye ba ta ga cocin da aka kula da ita haka ba. Ciyaman ya sa aka kunna lasifika ta maimaita.

Tallafin ya tafi cocin bayan kasuwa, inda mutane marasa kishin kai suka buɗe ƙofa suka nuna ramukansu ba kunya.

Ran Lahadi Ciyaman ya hau mumbari yana gyara wuyan riga.

"'Yan'uwa, mun zo na ɗaya! Duk cikin waɗanda aka duba, mu kaɗai aka ce ba ma buƙatar komai."

Ya dakata don tafi. Wata tsohuwa ta yi tsaki, shi ke nan abin da ya samu.

Da mutanen cocin bayan kasuwa suka gama sabon ajinsu, iyaye suka kwashe yara suka kai can. Wadda ta fara isa da jikokinta matar Ciyaman ce. Malamar ajin ta dube ta ta ce, "Mama, ba ke ce mai ɗakin Ciyaman ba?"

"A'a, 'yata," in ji ta. "Kama ce kawai."