Ranar Da Na Yi Kwanci a Zauren Alhaji Mutari

Ba zan taɓa mantawa ba (na gwada, abin ya ƙi) da ranar da na je gaishe da mahaifin Hauwa, yarinyar da nake nema da aure.

Kafin in kai ga wannan, gara in faɗi ko ni wane iri ne, don a yi mini adalci. Ni mutum ne mai fargaba. In na kulle ƙofa na yi nisa, sai na dawo na girgiza kwaɗon. Da na gama jami'a na samu aiki a wani biro, wato ofis, a garin Tanout, na kama haya ni kaɗai, kaɗaici ya dame ni, sai na sayi 'yan kaji a kasuwa. Ba don sayarwa ba, ba kuma don miya ba. Don dai in na dawo gida in tarar da wani abu yana jirana.

To, kulawar ta ɗan yi yawa, ina tsammani. In kaza ta yi atishawa sai in ɗauki salula in yi ta karatun cututtukan kaji har in fara jin alamominsu a jikina. Na taɓa rungumar wata a guje zuwa wurin likitan dabbobi don na same ta kwance a gefe cikin toka tana shure-shure. Ashe wanka take yi. Tun daga ranar, in likitan ya hango ni daga nesa, sai ya tuna yana da taro.

Babbar cikinsu wata farar kaza ce mai tafiya kamar shugabar makaranta, shi ya sa na sa mata suna Madam. Ta yi kwanci a bayan randa, na yi ta gadinta. Ba ta tashi ƙyanƙyashewa ba sai daren da gari zai waye in je gaisuwa. Da safe na tarar ta kwashi 'yan tsakinta tana yawo da su a tsakar gida, ta bar ƙwai guda a gurbi. Na ɗauka na duba. Ya tsage kusan rabi, ga ɗan baki ya leƙo yana buɗewa yana rufewa. Lokacin ɗari ne, ƙwan har ya fara yin sanyi a hannuna.

Na kamo Madam na ɗora ta a kai. Ta tashi. Na sake ɗora ta, ta sare ni a yatsa. Na roƙe ta (eh, da baki, da Hausa), ta yi mini kallon da ake yi wa ɗalibin da ya makara, ta wuce.

Abin da na karanta, in ban yi kuskure ba, shi ne kada a ɓare masa ɓawon, a ba shi ɗumi irin na jiki da ɗan danshi, ya fito da kansa. Na tsaya ina tunani. Aljihu? A moto, wato babur, za mu je, zai fashe. Hammata? Ba zan iya ɗaga hannu in shafa fatiha ba. Maƙwabciyata ta tafi ƙauye biki. Sai idona ya faɗa kan sabuwar hulata, doguwa mai tauri, wadda na saya musamman don wannan rana. Ni kuwa a duniya babu inda nake gumi kamar ƙoƙon kai. Ga ɗumi, ga danshi, ga fili.

Ba zan ce shawara ce mai kyau ba. Amma a lokacin ta yi mini kama da ilimi. Na shimfiɗa auduga a tsakiyar kaina, na ajiye ƙwan a hankali, na kife hula.

Yanzu ga inda matsalar take. Alhaji Mutari, mahaifin Hauwa, manomi ne kuma mai garken awaki a wani ƙauye kusa da gari, kuma kowa ya san ba ya jure raini. Kafin ni wani ma'aikaci ya nemi Hauwa, ya shiga zaure ya miƙa wa Alhaji hannu a tsaye. Maganar auren ba ta kwana ba. Hauwa da kanta ta ja mini kunne a waya: "Don Allah ba sai ka yi bayani ba, na san ka da bayani. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ɗan'uwanka Sani ya yi magana. Kai dai kanka a ƙasa. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne. Ban tuna da alkawarin ba sai da muka hau hanya.

Sani ɗan kawuna ne, abokin wasana, shi ne ɗan rakiya kuma shi ke tuƙi. Ban gaya masa komai ba, domin abin da Sani ya ji da safe, kafin azahar an ji shi har can garin Belbeji. Muna tafe cikin rairayi, hannuna ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a kan hula.

"Wai hular aro ce?" ya tambaya.

"Iska ce."

"Babu iska."

"Tana iya tasowa. Sani, don Allah rage gudu."

"Malam, jaki ya wuce mu ɗazu. Da kaya a bayansa."

Muka iso. Zauren Alhaji na ƙasa ne irin na dā, ƙofarsa gajeriya, ba mai shiga sai ya duƙa. Sani ya duƙa ya shige. Ni na tsaya ina auna ƙofar da ido. Daga baya na lanƙwasa gwiwoyi kawai, baya a miƙe, wuya a miƙe, na shiga da kaɗan-kaɗan kamar wanda ake saukarwa rijiya. Takalma kuwa da ƙafa na fizge su, ɗaya ya yi tsalle ya faɗa kusa da butar Alhaji.

Na durƙusa, wannan kam na yi. Amma kai ya ƙi, ko in ce ni na hana shi. Sani ya yi ƙasa da nasa har gemunsa na taɓa ƙirji, yana jero gaisuwa: ina gajiya, ina ɗari, yaya aka ji da girbi, yaya bisashe. Ni ina gefe a sanƙame kamar soja a fareti. Da na ga idona na shiga cikin na Alhaji, sai na ce bari in sauke idon kawai in bar kan a sama. Daga baya Sani ya kwaikwaya mini yadda na koma. Wallahi ko ni aka yi wa wannan kallon ta saman hanci, ba zan ba da 'yata ba.

Sani ya mintsine ni a cinya. "Sauke kai," ya ce ta gefen baki.

"Ba zai yiwu ba."

"Me?"

"Zan yi maka bayani."

Aka kawo fura a ƙwarya. Sani ya sunkuya ya sha. Ni na ɗago ludayi har saitin baki ina tsotsa a hankali, rabi na bin haɓata zuwa cikin riga. Sai Alhaji ya ajiye carbinsa a kan buzu, kuma Hauwa ta taɓa gaya mini cewa in ya ajiye carbi, to magana ta ɓaci.

"Samari," ya ce wa Sani, ko kallona bai yi ba, "ɗan'uwan naka wuyansa na ciwo ne?"

"Lafiyarsa lau, Baba. Kunya ce."

"Kunya. To. A nan garin kunya ƙasa take kallo. Wataƙila a jami'a an sake mata hanya."

A raina na ga Hauwa tana tafiya ta bar ni, na ga kaina na tsufa ni da Madam. Na buɗe baki in ce wani abu, ban san mene ne ba. Sai aka riga ni.

"Tsiyak."

Alhaji ya duba bayan ƙofa. Sani ya ɗaga gefen tabarma. Ni na yi tari, irin siririn tarin da nake fatan zai yi kama da abin da aka ji.

"Tsiyak! Tsiyak!"

A lokacin na ji ɓawon ya rabu. Wani abu jiƙaƙƙe mai ɗumi ya baje a tsakiyar kaina, ya fara harbi da ƙafa. Ban sani ba ko an taɓa yi muku susa da farcen ɗan tsako a ƙoƙon kai alhali kuna gaban wanda zai yanke hukuncin aurenku. Ba na ba da shawara. Wani ruwa ya gangaro ta bayan kunnena. Hular kuma ta fara motsi da kanta, tana karkata hagu, tana dawowa dama.

Sani ya ja da baya yana a'uziyya. Alhaji ya zuba wa hular ido.

"Yaro," ya ce, karo na farko da ya yi mini magana, "akwai wani a ciki ne?"

"Baba, wato… ba zan ce babu ba."

"Cire."

Na sa hannu biyu na ɗaga hular a hankali. Ga shi nan zaune a kan auduga, a jiƙe, rabin ɓawo manne a bayansa, yana kallon zaure kamar shi aka zo gaisarwa. Na sauko da shi a tafin hannu. Sai a lokacin, da babu sauran abin da zai faɗo, kaina ya yi ƙasa. Ya yi ƙasa sosai. Na fara bayanin da aka hana ni: yadda uwar ta tashi, da sanyin safiya, da batun danshi. Na kai ga danshi ke nan na ji wata dariya ta fashe a bayan zana. Ashe matan gidan duk suna nan suna leƙe.

Alhaji ya daure, ya daure, gemunsa na rawa. Sai ya kife a kan buzu.

"La'ilaha illallahu! Ni ina nan ina cewa girman kai ne, ashe kwanci yaron yake yi!"

Sani kuwa ya kwanta a tabarma yana bugun ƙasa, ɗan rakiyar da aka ɗauko don ya kare mini mutunci. Kakar Hauwa, tsohuwa mai sanda, ta shigo ba sallama tana share hawaye.

"Mutari, wannan nawa ne, Hauwa ta nemi wani. Ina zan samu miji mai ƙyanƙyasa? Angona, in na kawo ƙwan zabi za ka iya, ko sai an ƙara maka hula?"

Na ce, "Kaka, sai na bincika." Wallahi haka na ce. Aka sake fashewa.

Da Alhaji ya samu numfashi ya ɗauki carbinsa, ya ce in turo manyana a yi magana. Amma ya kafa sharaɗi: abin da aka haifa a zaurensa nasa ne. Kaka ta karɓe ɗan tsakon ta kai wa wata kazarsu mai sabbin 'ya'ya. Na so in yi bayanin yadda za a kula da shi, Sani ya toshe mini baki da hular.

An yi auren. Hauwa ta ce ta yafe, ko da yake har yau in na sa hula za mu fita takan ɗaga ta leƙa. A ƙauyensu babu wanda ya san sunana na yanka, manya da yara Uwar Kaji suke ce mini, har limamin da ya ɗaura auren sai da aka tuna masa. Ɗan tsakon ya girma ya zama jibgegen zakara, kuma duk gidan ba ya bin kowa da sara sai ni. Ni da na ɗauke shi a ka.

Darasin da na koya, in har na koya, shi ne: in za ka gaban surukai, rai ɗaya ya ishi hula ɗaya. In kuwa dole ne sai ka tafi da ƙwai, to ka sa a hular ɗan rakiya.