Kundin Illela a Hanyar Ƙonni

Ran da aka yi rabon ilimi a Illela mutanen gari duk sun tafi gona, Malam Mukhtari kaɗai aka tarar a zaune, sai aka juye masa buhun gaba ɗaya. Wanda bai yarda ba ya tambaye shi, zai tabbatar. Kundin Duniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don kada ya ɗora wa jama'a wahalar nema.

Asalin wannan baiwa wani littafi ne mai jan bango, na Turanci, wanda ke ɗauke da sunayen ƙasashe da koguna da duwatsu. Lokacin da Malam ke malamin sikeli a wani kamfanin gyaɗa, da littafin ake tokare ƙafar tebur. Da aka sallame shi ya zare abinsa, tebur ya karkace, ilimi ya taho Illela.

Kullum bayan La'asar sai ya sa kujera a gindin bedi, kusa da shingen kan iyaka, ya gyara tabarau. Duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta nan sai ya sha tambaya.

"Kai mai raƙumi, tsaya! Wane kogi ya hi kowane tsawo ga duniya? Ba ka sani ba? Nilu! Ƙasusuwa nawa ag ga jikinka? Metan da shida! Kana tahiya da su kullum ba ka taɓa ƙirgawa ba. Kaico, jahilci!"

Mai raƙumi ya yi godiya ya ja gaba, yana shafa haƙarƙarinsa.

Ya san tsawon dutsen Eberes har da 'yan ƙafafun da suka ɗoru a kai. Zurfin rijiyar gidansa ne dai bai samu sukunin bincikawa ba. Sau biyu matarsa Lubabatu na aikensa sayen igiyar guga, sau biyu guga na reto a sama bai taɓa ruwa ba. Ya ce laifin rijiyar ne, ba a haƙa ta bisa ƙa'idar kimiyya ba. Ya san an fi harshe dubu a duniya, ya san inda ake shirya finafinan majigi, ya san abin da mutanen Sin ke ci da safe. Birnin Ƙonni kuwa, da ke nan bayan shinge har ana jiyo gangarsu ran kasuwa, bai taɓa taka shi ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Mi zan je nema? Na karance su tun tuni, shahi na tamanin da huɗu."

Shekara biyu da samun mulkin kai, mutanen Ƙonni suka aiko da goron gayyata. Za su yi bikin ranar jamhuriyarsu, da kokawa da dambe, da kuma gasar kacici-kacici tsakanin garuruwan biyu. A daidai lokacin akwai kujera guda a majalisar gunduma, ta mai kula da ajujuwan yaƙi da jahilci, ba kowa a kanta. Hakimi ya ce wanda ya ciyo wa Illela gasar, kujera tasa ce. Aka ba da sunan Malam Mukhtari. Aka ƙara da na Yari direba a matsayin ko-ta-kwana, wani mai jigilar albasa tsakanin Sakkwato da Tawa, wanda sai bara ya koyi rubuta sunansa.

Wayyo, kujerar nan ta shiga ran Malam! Shekara goma yana koyar da gari kyauta ba wanda ya taɓa miƙe masa tsaye. Tun kafin ranar ya sa aka ɗinka masa babbar riga, aka sassaƙa masa hatimi. Ya gwada hatimin a bangon zaure, ya gwada a kan faifan Lubabatu.

Ran biki da hantsi Yari ya tayar da mota, ya ce Malam ya shigo gaba. Malam ya dubi buhunan da ke baya ya toshe hanci.

"Wakilin ilimin Nijeriya ba shi shiga ƙasar waje shina warin albasa. Ku tahi, ina bisa kekena."

A bakin shinge ya gamu da Tasalla, wata dattijuwa mai sayar da daddawa, wadda ke ƙetarawa Ƙonni tun kafin a haifi rabin ma'aikatan wurin. Ta ce, "Malam, in ka wuce iyaka ka koma hannun dama hwa. Can ba kamar nan ba ne."

Malam ya sauke ƙafa ɗaya, ya juyo don jama'a su amfana.

"Ku ji mini wagga mata! Bin hannun hagu ba al'ada ba ce, kimiyya ce. Zuciyar ɗan Adam ina take? Hagu! Ingila mi suka bi? Hagu! Indiya? Hagu! Ni da littahi ga aljihu, mai daddawa za ta nuna mini hanya?"

Ya kaɗa ƙararrawa ya wuce, riga na tashi.

Ya bi hagunsa cikin natsuwa. Masu keke biyu suka kauce masa suna zagi, ya yafe musu, don bai kamata a riƙi jahili da zafi ba. Ya kusa shiga gari sai ga wata babbar mota ta taso, cike da 'yan kokawa da makaɗa, ta nufo shi ido da ido. Direba ya danna oda. Malam ya kaɗa ƙararrawa. Direba ya sake dannawa. Malam ya ɗaga hannu yana nuna masa kuskurensa. Da dai ya ga ƙarfe ba ya sauraron hujja, sai ya karya kan keke, shi da littafi da babbar riga suka zarce cikin ramin da ake kwaɓa ƙasar gini. Ita ma motar ta sauka gefe, wani makaɗi ya faɗo kan gangarsa ta fashe.

Jandarmomi, 'yan sandan can, suka tsamo shi, suka kai shi ofis. Duk Hausawa ne, da ya yi sallama ya ba da haƙuri da tuni an sake shi. Ina! Malam ya buɗe musu Turanci. Su kuma suka ga abin gwaninta ne, suka mayar masa da Faransanci. Aka yi ta yi har Azahar ba wanda ya fahimci wani, sai suka zaunar da shi a benci ya huce.

Ta taga yake jiyo lasifika daga filin biki. Wane kogi ya ratsa Yamai? Muryar Yari ta ce Kwara, ya sha wanke mota a bakinsa. Daga Agadas zuwa Bilma mi ake ɗaukowa? Gishiri da dabino. Aka bi ta kan taurarin da manoma ke duba, aka bi ta kan yadda Buzaye ke gaisuwa, Yari na amsawa kamar yana hira a tasha. Kowane tafi aka yi sai Malam ya ji shi a ƙirjinsa. Ya buɗe littafi don ya kama su da kuskure, laka ta manne shafukan.

Da La'asar Tasalla ta zo ta yi magana da jandarmomi, kalma uku, suka sake shi. Ƙafarsa ta gurɗe, keke ya lanƙwashe, dole ta ɗora shi bisa jakinta, ta rataya keken a baya. Suka biyo ayarin 'yan Illela da ke komawa da kiɗa, Yari a gaba an ɗaura masa rawani.

Jaki ya kama hannun dama. Malam ya ja akala hagu, jaki ya ƙi. Ya dunguri wuyansa, ya yi masa bayanin zuciya da Ingila, jaki ya kaɗa kunne ya ci gaba da tafiyarsa.

A shinge hakimi da dukan gari na tsaye suna jiran masu nasara. Jaki ya iso daidai kan iyaka, ya tsaya, ya dubi gaba ya dubi baya. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya ce masa uffan. Ya tsallaka titi a hankali ya koma hannun hagu, ya shiga Nijeriya bisa doka.

Dariya ta ɓarke har da ma'aikatan shinge. Hakimi dai bai yi dariya ba, mutum ne mai kamun kai. Ya dubi Yari ya ce kujera tasa ce. Wani ya tambaya, to in Yari ya tafi Tawa da mota, wa zai riƙe masa? Malam Mukhtari ya gyara zama, ya share laka daga tabarau, ya yi gyaran murya.

Hakimi ya daɗe yana duban su biyun, na sama da na ƙasa. Sannan ya ce, "Tasalla, wane lokaci jakin nan naki ke samun hutu?"