Na Tashi Wanda Bai Kamata In Tasa Ba

Yau na makara, jama'a. Shekara shida ina bin layi da doguwar gora ina ƙwanƙwasa tagogin ma'aikatan masaƙa da asuba, amma ni ne na iso gaban Kwamitin Tace Sana'o'i a makare, saboda tsohuwa Hepzibah, ɗaya daga cikin waɗanda nake tashi daga barci, ba ta motsi sai an buga tagarta sau tara.

Kwamitin nan, Allah ya ƙara masa basira, shi ke raba mu gida biyu: waɗanda ƙasa ba ta iya rayuwa sai da sana'arsu, da 'yan sana'ar banza da za a miƙa wa bindiga a tura Faransa. Kafin ni, an saurari mai kula da karnukan farautar Mai Girma Shugaban Kwamitin. Minti biyu aka sallame shi, wai in ya tafi karnukan za su shiga damuwa. Na ji daɗi ƙwarai, da ban san su ma suna cikin shirin yaƙi ba.

Da aka zo kaina na yi bayani: mutum ɗari da arba'in nake tashi kullum, kuma su ke saƙa yadin kakin soja. Na ƙara da cewa uwata ba ta da kowa sai ni, ƙafarta ba ta kai ta ko bakin famfo.

Shugaba ya leƙo ni ta saman tabarau. "Yaro, mutanen nan ba su da agogo ne?"

"Ranka ya daɗe, mai gyaran agogon garin tun bazara kuka tura shi."

Aka ɗaga hannu. Biyu suka ce in zauna gida, biyu suka ce in tafi. Magatakarda ya raɗa mini cewa in aka yi kunnen doki, akan ɗage magana wata shida. Saura na biyar, wani dattijo mai gashin baki, wanda tun shigowata yake sharar barci, haɓa a ƙirji. To ni ban iya ganin mutum yana barci rana ta fito. Kafin in yi tunani, gora ta buga teburinsa sau uku.

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "A tura shi."

Da na ba maƙwabcina Enoch mai aski labari, ya yi dariya har ya kusa yanke kunnen wani. Da ya nutsu, ya ce matarsa za ta riƙa ɗebo wa uwata ruwa da kwal, in dai na yi alkawarin ba zan tashi Jamusawa ba in na iske su kwance.

Ran Litinin zan shiga jirgin ƙasa. An gaya mini a bariki akwai wani mai busa ƙaho wanda ba shi da aiki sai tashin mutane daga barci. A can, wai har igiyar muƙami ake ɗaura masa a hannun riga.