Irin Amale a Shagon Mai Walda

Wani bawan Allah ne fa, duk inda aka samo masa aiki ba ya rufa wata ake sallamo shi. Ba sata yake ba, ba rashin kunya ba. Cutarsa ɗaya ce: ba a taɓa sa shi aiki ya tsaya inda aka ce ya tsaya ba, sai ya ƙara da nasa. Yayarsa ta gaji da ciyar da ƙato, ta tasa mijinta a gaba da magiya. Shi mijin likitan dabbobi ne, yana da ɗakin bincike inda ake adana maniyyin raƙuma, a ɗura wa taguwa ta ɗauki ciki ba sai an kawo mata namiji ba.

Likita ya ce masa, “Saboda yayarka na ɗauke ka. Aikinka tsintsiya da tsumma. Ka taɓa abin da ya wuce su, wallahi ko ita ba za ta cece ka ba.”

“Haba Yaya, ni ɗin?”

“A nan Likita nake.”

“To, Yaya Likita.”

Rannan yana goge-goge sai ya ga Likita ya buɗe wani tulun ƙarfe, farin hayaƙi na sanyi ya tuɗo. Ya sa hantsaki ya zaro ɗan siririn bututu kamar na shan lemo, ya tsoma a ruwan ɗumi, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya tura ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma. Sai ga wasu halittu a allon kwamfuta, kai da wutsiya, suna ɗan motsi da ƙyar.

Gogan naku ya saki tsumma. “Yaya Likita, talibambam kake kiwo?”

“Irin raƙumi ne. Matsa can.”

“Su ne raƙuman? Ina tozon?”

Likita ya jawo wata ’yar na’ura, ya danna, wani ɗan jan haske da bai fi ƙwayar gero ba ya sauka a kan ɗigon. Aka ɗan jima ya kashe. Ai kuwa sai ’yan halittun nan suka kama kai da kawo a allo, kowa yana kaɗa wutsiya.

“La ilaha illallahu! Me ka ba su?”

“Hasken lesa ne. In iri ya daɗe a sanyi yakan yi kasala. Ɗan hasken nan muke gwadawa ya ƙara masa kuzari.”

Daga nan Likita ya nuna masa wani tulun a kusurwa, shi kaɗai, an ɗaura masa jan ƙyalle a hannu. Ya ce, “Wancan ko ƙurarsa kada ka kaɗe. Akwai wani attajiri, amalensa ne ya gagari kowa a tsere. Amalen ya mutu, kuma bututu ɗaya tak ya rage na irinsa a duniya, yana ciki. Yau zai kawo taguwarsa.” Ya yi ajiyar zuciya, ya ƙara da cewa, kamar mai magana da kansa, “Abin ya daɗe a ajiye. Allah dai ya sa ɗan hasken nan ya ishe shi.”

Ai da ya san wanda ke sauraronsa da ya haɗiye maganar nan.

Can aka yi sallama, an iso da taguwa. Likita ya kulle lesar a durowa, ya fita garke don ya duba ta. Ɗaki ya rage daga gogan sai tuluna.

Ya jingina da tsintsiya yana kallon mai jan ƙyalle, tausayi ya kama shi. Marayu ne fa, ubansu ya mutu, an zo an tsare su a cikin sanyi. Sannan a ce ɗan hasken da ko kyankyaso ba zai kora ba, shi za a ba su? Wannan ai rowa ce irin ta ’yan boko. In ɗan tsito ya sa na ɗazu gudu, to mai yawa tashi sama zai sa waɗannan. Har ya fara hango kansa cikin farar riga, attajiri yana dafa masa kafaɗa, yayarsa tana guɗa.

Ya buɗe tulu ya zura hannu. Sanyi ya gantsara masa cizo, ya yi tsalle yana busa yatsu. “Kai! Ni wannan azabar ta ishe ni a ɗan taɓawa, ina ga yaran mutane?” Ya ɗauko hantsaki ya zaro bututun.

Ya fara da fitilar wayarsa. Ya haska, ya kanga bututun a kunne, bai ji komai ba. Ya fita ta ƙofar baya ya ɗaga shi sama a tsakiyar rana, yana juya shi don kowane gefe ya samu. Ya sake saurarawa. Shiru.

“Kasalar ta yi nisa,” in ji shi.

Sai wani haske ya walƙato daga tsallaken titi, shuɗi fau, har ya kanne ido. Shagon mai walda ne, yana liƙin wata ƙofa. Gogan ya yi murmushi, ya tsallaka.

“Sannu da aiki, maigida. Ɗan haske za ka sam min.”

Mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa. “Me za a liƙe?”

“Ba liƙi ba ne. Raƙuma ne a ciki.”

Mai walda ya dubi bututu, ya dube shi, ya dubi ƙafarsa ko da takalmi. “Malam, lafiyarka ƙalau kuwa?”

“Aikin asibiti ne, ba za ka gane ba. Kai dai ci gaba da ƙofarka, ni zan kanga su a gefe.”

“In ka makance babu ruwana.”

“Ni ba kallo zan yi ba, su ne za su kalla.”

Ya juya fuska, ya miƙa hannu. Wuta ta kama ƙara, tartsatsi na zuba. Yana ta cewa, “Ƙara, maigida, ƙara! ’Ya’yan zakaran tsere ne, ba sa jin kaɗan.” Har sai da bututun ya yi laushi ya lanƙwashe, wani ƙauri ya tashi.

Mai walda ya ce, “Malam, raƙumanka fa sun fara ƙamshi.”

“Gumi ne. Sun fara gudu ke nan.”

Ya komo a guje, ya jefa bututun cikin tulu, ya rufe, ya gyara jan ƙyalle, ya ɗauki tsintsiya. Ko numfashi bai gama mayarwa ba sai ga Likita da attajirin. Dattijo ne mai ƙiba, idonsa har ya yi ja don ɗoki. Ta taga ana hango taguwar a durƙushe a inuwa, tana tuƙa abinta.

Attajiri ya ce, “Likita, tun da amalen nan ya mutu ban sake zuwa filin tsere ba. Ɗansa kawai nake so in gani kafin in bi shi.”

“In sha Allahu, ranka ya daɗe.”

Likita ya buɗe tulu, ya zaro bututu. Ya tsaya. Abu ya fito a karkace, gefe ɗaya baƙi ƙirin. Ya yanka bakin, ya matsa. Da ƙyar wani farin abu ya fito a dunƙule kamar dafaffen ƙwai. Ya tura ƙarƙashin madubi. Allo ya nuna su birjik, kowa a miƙe, ko wutsiya ɗaya ba ta motsi.

Attajiri ya ce, “Likita, haka suke yi?”

Gogan ya matso da tsintsiyarsa, yana washe baki. “Hutawa suke, ranka ya daɗe. Ba ƙaramin gudu suka sha ba.”

Likita ya juyo a hankali. “Me ka yi?”

“Taimaka maka na yi, Yaya Likita. Kai ka ce haskenka ba lallai ya isa ba. Na ba su na waya, na ba su na rana, na ƙarasa musu da na mai walda. Ko sisi bai karɓa ba, mutumin kirki ne.”

Attajiri ya zube a kan kujera, ya ɗora hannu a ka yana salati. “Shi ke nan! Yau amalena ya mutu! Yau ne ya mutu!”

Likita ya shaƙo wuyan rigar gogan. “Kai wane irin bala’i ne? Ka san abin da ka dafa? Miliyoyi ne a cikin ɗan bututun nan! Miliyoyi! Ko ɗaya ba ka bar mana da rai ba!”

Gogan ya zaro ido. “Miliyoyi?”

“Miliyoyi!”

Ya leƙa ta taga ya ƙare wa taguwar kallo, daga tozo har ƙafa. Ya girgiza kai, ya ɓamɓare hannun Likita daga wuyansa.

“Kuma duk baiwar Allahn nan ita kaɗai za ta haife su? Ku ji tsoron Allah! Ku sake ni in je ta yi min godiya.”