Yadda Ake Farkar da Ma'aikata da Kwalin Sabulu Ɗaya

Maigida, in masu bugun shaddarka sun koma bugu kamar masu lallashin jariri, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, cikin sati ɗaya za a jiyo ƙararsu har unguwar Larlé. An gwada a marinar Alhaji Kabo da ke nan Zongo, inda wata yarinya, Nazifa, take zaman biro, wato ofis. Ba ni ba ce. Innata, ina nufin innarta, wata biyu ta yi tana sintiri kafin a ba ta aikin.

1. Ka je formasiyo

Wato kwas na kwana biyu a otal mai sanyi. Ka dawo da takardar shaida da darasi guda: ma'aikaci yana so a ji ta bakinsa. Amma kada ka tambaye su ido da ido, suna iya ba ka amsa.

2. Ka huda kwali

Na sabulu ma ya isa. Ka tara ma'aikata, ka ce kowa ya rubuta abin da zai gyara wurin aiki, ba suna, ba tsoro. Ka ce a rubuta da Faransanci, yadda ka ga an yi a otal. Salamata mai rini za ta ce, "Yel ka be, Alhaji," wato ba matsala. Haka ta ce ranar da soda ta cinye mata farce.

3. Ka manta wa ya iya rubutun

Nan asirin yake. Rabi'u, babban mai bugu, ajami kawai ya sani. Salamata baki ne da ita, ba alƙalami. Saboda haka da ka hau moto ka fita, layi za su yi a gaban biro.

"Ƙanwata, rubuta: a yi mana rumfa, rana ta dafa mu."

"Yaya Rabi'u, in sa 'don Allah'?"

"Sa biyu."

Salamata na son safar hannu. Saminu mai guga ya ce Alhaji ya daina cin kaza a gabansu, in kuma dole ne, ya juya baya. Yarinyar za ta rubuta duka, har da waƙafi.

4. Ka buɗe a gaban kowa

Takarda goma sha ɗaya, alƙalamin bik ɗaya, hannu ɗaya. Ka ɗaga su sama.

"Nazifa! Duk ke ce? Har kazar?"

"Baba Alhaji, wallahi su suka faɗa, ni dai..."

"Su wa?"

Ka jira. Rabi'u zai ƙura wa sandar bugunsa ido kamar yau ya fara ganinta. Salamata za ta tuna ta bar tukunya a wuta. Masana sun tabbatar: ma'aikacin da ya sunkuyar da kai ya gamsu.

5. Ka sallami hannun

A hankali, cikin mutunci: "Ki gaida innarki." Shi ke nan.

6. Ka kasa kunne

Ranar Litinin za ka ji abin mamaki. Mutumin da ba ya iya kallon ɗan'uwansa don kunya, shadda yake jibga. Biyu za su yage, ka yi haƙuri, ƙwazo ne. Sai ka sayo safar hannu, ka ce tunanin a masallaci ya zo maka.

Kada ka damu in ka ji sun je gidan su yarinyar da soyayyar doya a leda, wai ta rubuta maka roƙon a mayar da ita. Za ta dube su ta ce, "Da hannun wa?"

Gargaɗi: in shaddarka ta yage, ko ma'aikatanka suka shiga makarantar yamma koyon Faransanci, ba ruwana, ba ni da hannu. Wannan ma a waya na buga shi, kowa ya zo ya gwada hannun rubutun.