Rasuwar Kilabiyen Idrisa, da Sunan Wanda Ya Shayar da Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin cikin zafi, ni Idrisa ɗan Sallau, sakataren wani ƙaramin kwamitin rabon gero a nan Matameye, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kilabiyena, wato allon maɓallan da nake buga rubutu da shi a ordinatar, wadda wasu ke ce wa kwamfuta. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, a wannan shekara ta 2010 da rumbuna suka zama fayau, soja kuma ke riƙe da ƙasa. Shekararsa bakwai a ƙarƙashin yatsuna.

Marigayin mai rufin asiri ne. Da yanar ido ta rufe mini gani har na daina bambance baƙi da fari a gilashi, shi ya tsaya mini. Akwai maɓallai uku a jikinsa da na ɗiga wa ƙaro don yatsa ya gane su. In na danne su tare, sai wata murya ta farka a cikin na'urar ta riƙa karanta duk abin da ke rubuce. Muryar ta hanci ce, ba ta iya sunayenmu ba, amma ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ka ji: "Kan-de Ba-wa, Kur-ni." Ita kuwa Kande, wadda mijinta ya tafi cin rani Kano tun kafin kaka, tana tsaye bakin taga da goyo, ba ta san ko bihim a boko ba, amma ta ji sunanta da kunnenta, ta san buhunta na nan. Abin da aka yi domin makaho ɗaya sai ya zama idon mutanen ƙauyuka tara.

Wannan halin nasa ne ya jawo masa ajali. Mataimakina Shekara, mai lafiyayyun idanu biyu da dangi masu yawan baki, ya daɗe yana cewa muryar na sa masa ciwon kai. Ranar Litinin ya zo gaishe ni da kofin shayi mai kaurin sukari, wai hannunsa ya goce. Ikon Allah, teburin nan mai faɗi, amma shayin bai ga wurin sauka ba sai kan marigayin. Kwana uku yana jinya. Na shanya shi a rana, na share shi da gashin kaza, na kwantar da shi cikin ɗan geron da ya rage mini ko ya tsotse ruwan. Maɓallan suka manne, harafi ɗaya ya riƙa zuba ba tsayawa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "kkkkkk", daga nan shiru.

Washegari Shekara ya gaya wa Kaftin ɗin da ke sa ido a kan rabon cewa makaho ba zai iya da sabon kilabiye ba. Shi Shekaran ya kawo wani mai ƙyalli daga Kano, ya zauna a kujerata. Tun ranar biro, wato ofishinmu, ya yi tsit. Sau biyu Kande tana takowa daga Kurni a ƙafa ana ce mata babu sunanta, 'ya'yan ƙannen Shekara kuwa har sun fara yin kumatu. Ban yafe ba, kuma kada wani dattijo ya wahalar da takalminsa zuwa ba ni haƙuri.

Marigayin ya rasu ya bar ni, da igiyarsa, da mata sama da ɗari a bakin taga. Ya kuma bar marayu uku da Shekara bai san da zamansu ba, don shi a tunaninsa muryar cikin marigayin take, ya kashe ta ya huta. Muryar tana cikin na'urar, barci kawai take. Marayun kuwa suna jikin kowane kilabiye a duniya, har da mai ƙyallin nan na Kano. Shekara bakwai ina ɓoye sunayensu, yau ga su: Ctrl, da Alt, da harafin N. Biyun farko suna layin ƙasa ta hannun hagu. A danne su tare. Na zana su a ƙarshen wannan takarda, na manna ta a tasha da bakin kasuwa, na kuma aika wa Kaftin tasa.

Za a yi jana'iza ranar Talata, ranar rabo, da ƙarfe tara na safe, a gindin itacen bedin da ke fuskantar tagar biro. Kande ce za ta ɗauko gawar a faifai. Ba a buƙatar goro, shayi kuma an hana. Mai son yin ta'aziyya ya shiga ciki da yatsunsa uku ya yi ta a kan teburin Shekara, sannan a buɗe taga sosai, mu ji sunayen daga na farko har na ƙarshe.